Goron Sallar da Ya Kashe wa Babana Kasuwa

Ina yi wa ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta fatan alheri. Roƙona ɗaya, a sakaya sunana, domin a unguwarmu ta Ƙofar Dundaye labari ba ya kwana a ɗaki ɗaya. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce da ta gama karatun kwamfuta, ba aikin fari balle na baƙi, sai ganin kaina da nake yi na fi kowa wayo a gidan. Gidanmu na mahauta ne tun kakanni. Babana ya shekara da shekaru yana zuwa kara, kasuwar dabbobi, sayen shanu, mutum ne da zai hango sa daga nesa ya faɗi naman da zai bayar in an feɗe shi, kuma da wuya ya kuskure. Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma zuwa kara ya ƙare. Yayana ya karɓi sana'ar, Baba kuwa ya koma zaman tabarma a zaure da rediyonsa, sai ya wuni bai yi magana goma ba. Mutumin da a da muryarsa kan riga shi shigowa gida ke nan. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

A cikin wannan zaman ne na haɗa wani ɗan wasan waya na cinikin dabbobi, wanda kowa zai iya saukewa kyauta. Sabon shiga ana ba shi tunkiya ɗaya da ɗan kuɗin wasa da na sa wa suna wuri. Zai yi kiwo, ya kai kasuwa, ya yi ciniki da sauran 'yan wasa, har ya tara garke in yana da kai. Wurin nan ba kuɗin gaske ba ne, ko ruwan leda ba zai saya maka a titi ba. Ni ɗan abin da nake samu daga tallace-tallacen da ke fitowa a gefe ne. Farashi kuma ba ni ke yanke shi ba, 'yan wasa ke tayawa su sallama tsakaninsu. Wasa wasa sai abu ya bazu. Ranar da na ga wani mai keke napep a unguwar Gidan Igwai yana jiran fasinja yana cinikin maraƙi a wayarsa, na dawo gida ina jin kamar ni na gina garin.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da Baba ina gwada wasan, sai ya leƙo ya ce an cuce ni a kan karsanar da na saya. Na yi dariya na ce ai zane ne kawai. Ya ce ko zane ne, mai ido ya san wannan ba ta kai kuɗinta ba. Ranar na buɗe masa nasa asusun wasan a wata wayata, na koya masa yadda zai danna da babban yatsan hannun dama. Na so in ɗan ƙara masa wuri ya fara da ƙarfi, ya haɗe fuska ya ce kul, shi da tunkiya ɗaya zai fara kamar kowa. Ku zo ku ga ikon Allah. Kafin wata guda muryar nan ta dawo. Daga tsakar gida za ka ji shi yana ƙwala wa Inna kira ta zo ta ga yadda ya kwashi riba a kan wani ɗan Gidan Dahala, wanda bai ma san da tsoho yake ciniki ba. Inna ta yi ta mita wai an mayar mata da miji yaro, amma ni na ga yadda take murmushi in ta juya baya. A hankali ya tara wuri dubu huɗu da ɗoriya, burinsa wani sa bokolo, irin marasa dogon ƙaho, da ake sayarwa dubu biyar. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha labarin san nan.

Babbar Sallah ce ta zo, ni kuma giyar yabo ta ɗebe ni. Na ce ai bai kamata Sallah ta wuce ban ba mutanena goron Sallah ba. Dannawa ɗaya na yi, kowane ɗan wasa ya wayi gari da ƙarin wuri dubu goma. Baba kaɗai na tsallake, don ya riga ya ja mini kunne. Godiya ta yi ta shigowa kamar ruwan sama, har da masu kirana Hajiya. Daga nan sai dangi suka gane cewa rumbun wurin a hannuna yake. Yayana ne ya fara, wai in ɗan taɓa masa nasa. Ɗiyan goggona suka biyo, sai ƙawayena, sai mazan ƙawayena. To ku gaya mini, da wane ido zan dubi yayana da ya goya ni in ce masa a'a, a kan abin da ba ya rage ni da komai? Wannan dubu ɗari, wancan miliyan. Gaskiyar magana kuma, ba kunya kaɗai ba ce, ina jin daɗin a riƙa zuwa wurina ana lallaɓa ni.

Ba a yi sati biyu ba kasuwa ta haukace. Kowa aljihunsa cike, dabbobi kuwa yawansu bai ƙaru ba, don haka duk wanda ya taya sai wani ya ninka. Tunkiyar wuri ɗari biyu ta koma dubu ashirin. Sabbin shiga suka riƙa leƙowa, su ga ko ɗan akuya ya fi ƙarfinsu, su goge wasan su yi gaba. Shi kuwa san Baba ya doshi miliyan. Tarin da bawan Allah ya yi wata da watanni da yatsa ɗaya, yanzu ko tunkiya ba zai saya ba. Ya kira ni ya tambaye ni, da irin maganarsa, mi anka yi ma kasuwa. Na sunkuyar da kai na ce matsalar na'ura ce, za ta daidaita. Ƙarya na yi masa, ina kallon ƙwayar idonsa tana neman gaskiya a fuskata.

Wauta ta biyu ta fi ta farko muni. Tausayinsa ya kama ni, sai na bari ya kwanta hutawa bayan Azahar, na zuba masa wuri miliyan goma, ina cewa a raina gobe ya sayi sa goma in yana so. Da ya tashi ya duba, sai ya aika a kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni ko yanzu ya shiga sahun waɗanda ake ba sadaka ne. Ya ce ƙafa ta ƙi, hannu ya ƙi, amma yana zaton kai na nan, ashe shi ma tausayinsa nake ji. Ya miƙo mini wayar ya ce in tafi da abata, ya jawo rediyonsa. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, domin na san abin da na ƙwace masa ba wasa ba ne. Zauren nan ya sake yin tsit.

Tunanina na farko shi ne in goge duk kyautar da na yi, kowa ya koma inda yake. Inna ta ce ba a gidanta ba. Ta ce mutum ba ya ba da kyauta ya dawo ya karɓe, ko a addini abin ƙi ne, balle goron Sallah, balle ga yayana. Da na natsu na ga ko ba don kunya ba abin ba zai yiwu ba, domin wurin ya riga ya zaga hannuwa, in na goge sai na cuci wanda ya sayar da garkensa tsakani da Allah. Sai na gwada ƙayyade farashi da ƙarfi. Nan take masu dabbobi suka daina kawo su kasuwa, wa zai sayar da sansa a kan abin da kowa ke da ninkinsa ɗari? Na janye dokar bayan kwana uku, na sha zagi ta ko'ina. Karatun da nake taƙama da shi ya ƙare mini kaf.

Da na rasa mafita, na je zaure na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har da ƙaryar na'ura. Ban roƙe shi ya karɓi waya ba. Cewa na yi ya koya mini inda kuɗi ke zuwa a kara ta gaske. Ɗan kasuwar da ke cikinsa ya kasa haƙuri. Ya ce ai kasuwar tawa tun asali ta wawaye ce, shanu ba su cin abinci, dillali ba ya karɓar la'ada, ba kuɗin mota, ba ciwo, ba rani. Kuɗi suna da ƙofar shiga, ba su da ta fita, ni kuma na zo na ƙara fasa bango. Ya ce a kara tun safe aljihun mutum ke yoyo, ga harawa, ga dusa, ga mai riƙe igiya, shi ya sa mai kuɗi ba ya tayawa da hauka. Na ce to masu miliyoyin nan fa, yaushe dusa za ta cinye nasu? A nan ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce lallai ban san mahauta ba. Mahauci in kuɗi sun yi masa yawa, ba a karɓa daga hannunsa, makaɗin kalangu ake nuna masa. Ya ce ya sha ganin magidanci ya zazzage aljihunsa tas don an ambaci sunan ubansa a gaban jama'a, ya kuma koma gida yana fara'a.

Haka muka zauna, shi yana faɗa ni ina rubutawa. Dabbobi suka fara cin harawa da dusa, mai babban garke ya fi kashewa. Kowane ciniki dillali ya cire la'adarsa. Sannan na sa makaɗin kalangu a bakin kasuwa, da sautin da na ɗauka daga wani tsohon makaɗi aminin Baba. Duk wanda ya fi yi masa liƙi, sunansa da kirarinsa za su wuni a saman wayar kowa, wurin da ya liƙa kuwa ya fita daga wasan har abada. Maganar dusa ta jawo mini tsana, wasu suka tafi ba su sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma makaɗi, sai dai mu ce Allah ya ja da ran Baba. Yayana ne ya fara watsa miliyan, washegari wani ya ninka don kada a raina shi, gasa ta ɓarke. Cikin kamar wata biyu farashi ya sauko. Bai koma yadda yake a da ba, amma sabon shiga yana iya sayen tunkiya ta biyu. Na rufe ƙofar kyauta ruf. Duk wanda ya roƙa sai in ce Baba ya hana, da izininsa kuwa. Wata ɗiyar goggona ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Duk tsawon wannan aiki Baba bai taɓa wayar ba, ni ma ban yi gigin miƙa masa ba. Sai wata Juma'a bayan an dawo da shi daga masallaci ya ce in kawo. Na miƙa masa. Miliyan goman nan tana nan yadda na zuba ta. Ya ware ta daidai, ba ƙari ba ragi, ya liƙa wa makaɗi duka, ya ce ni za a yi wa kirarin, kuma ni zan rubuta da hannuna yadda ya faɗa. Haka na wuni a saman wayar kowa a matsayin ɗiyar mahauci mai hannun baiwa, wadda kyautarta ta fi ɓarawo ɓarna. Na yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya riga ya shiga kasuwa da dubu huɗunsa yana taya wani rago ramamme.

Abin da na koya shi nake so in bar wa 'yan uwana matasa masu haɗa irin waɗannan wasanni. Kafin ku buɗe hanyar da kuɗi za su shigo, ku tanadi inda za su fita, kuma ku tambayi waɗanda suka tsufa a kasuwa, sun san abin da ba a koya mana a aji ba. Kada ku ce ai kuɗin ƙarya ne. Kuɗin na ƙarya ne, amma watannin da mutane suka zuba wajen tara su na gaske ne, kuma kyautar da ba ta rage ka da komai ba, daga jikin wani aka yanko ta. Ga masu jinyar iyaye kuma, ina roƙonku ku yi hattara da tausayi. Ni ban taɓa nufin Babana da sharri ba, so ne ya sa na kusa mayar da shi abin da ciwo ma bai iya mayar da shi ba. Yanzu ina da ikon gyara masa komai da dannawa ɗaya, kuma kullum sai zuciyata ta raya mini in yi. Shekaranjiya ya tafka asara a kan wata karsana, ya wuni yana mita, ya ƙi cin tuwo, ya ce dillalan yanzu ba su da tsoron Allah. Na zauna kusa da shi na taya shi jimami, na bar masa asararsa.