Noeline Harkin, Wadda Ta Sassaƙa Alƙaluma da Sunayenmu

Ƙarfe shida na safe Noeline Harkin take ɗora butar shayi, kafin ruwan ya tafasa ta riga ta buɗe tsohuwar kwamfutarta a kan teburin kicin. Shekara goma sha shida ke nan haka safiyarta take a gidanta da ke bayan garin Wynyard. Da shara take farawa. 'Yan tallan maganin ƙarya da suka cusa kai cikin zaurenmu na intanet, sai ta kore su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta duba masu neman shiga, ta rubuta wa kowa maraba da kanta, ta tambaye shi irin itacen da ake samu a garinsu. Idan wani sabon hannu ya saka hoton alƙalaminsa na farko, mai kama da karas ɗin da aka fere da gaggawa, ita ce ke riga kowa magana, ta nemo abin yabo ko da ƙanƙani ne, kafin tsofaffin zaure su farka su yi masa ca. Sai ta gama wannan duka take shafa wa burodinta bota, shayin kuwa ya daɗe da hucewa.

Mu kuwa, mu dubu biyu da 'yan kai masu sassaƙa alƙaluma daga Darwin a arewacin ƙasar har Hobart a kudancinta, sai mu tashi mu tarar da zaure tsaf, mu ɗora gardamarmu ta samfefa da man gogi daga inda muka tsaya jiya. Kada a ji ni ba daidai ba, mutanen kirki ne mu. A ba ɗayanmu guntun itace kamar tsawon yatsa, zai huda shi, ya ɗaura a inji, ya yini yana fere shi har ya zama abin sa wa a aljihu. Amma a ce masa ya amsa wasiƙa ɗaya, nan take zai tuna yana da ciwon baya.

Mijinta Clarrie ne ya buɗe zauren. Ya yi shekara biyu yana ɗoki, sai kamun kifi ya ɗauke masa hankali, ya bar mata kayansa. Har gobe idan aka tambaye shi cewa yake shi ya haifa, ita ta yi raino, kuma bai ga laifinsa a ciki ba.

Abin da muke tunƙaho da shi shi ne musayar shekara. A watan Agusta Noeline kan zuba sunayen masu so a cikin gwangwanin biskit, ta zaro wa kowa sunan wanda zai yi wa alƙalami. Dokar ɗaya ce: kowa ya aiko nasa gidanta kafin goma ga Disamba, ita kuma ta tura wa mai shi, don kada adireshin mutane ya yi ta yawo. A wasu zaurukan irin wannan musaya ba ta shekara uku take mutuwa, saboda kullum sai an sami wanda ya karɓa bai aika ba. Mu kuwa, a iya saninmu, ba a taɓa samun wanda Kirsimeti ta same shi hannu rabbana ba. Mun cika baki da wannan har mun gaji. Muna cewa mu mutane ne masu cika alkawari, ba kamar su wane ba.

Sau huɗu a cikin waɗannan shekaru Noeline ta rubuta a saman zaure cewa tana neman 'yan sa-kai. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa, wanda ke da awa biyu a mako ya sa sunansa a ƙasa. Sau huɗu muka yi mata ruwan yabo. Wannan ya ce babu kamarta, wancan ya ce da shi ne da tuni ya gudu, wani ya saka hoton fure. Suna dai ko ɗaya ba a sa ba. A ranmu muna ganin abin da ke tafiya sumul haka, me kuma yake bukata?

A watan Maris na bana asiri ya tonu, a taron da muke yi duk shekara a garin Bendigo. Al'adar taron ce kowa ya zo da alƙalamin da ya samu a musayar bara, a jera a kan dogon tebur, kowanne da katinsa mai sunan wanda ya yi da wanda aka yi wa. Ana can waje ana gasa nama, Bram Oosterhuis ya tsaya a kan teburin nan ya ƙi motsi. Bram tsohon maƙerin kwale-kwale ne daga Albany, mutumin da ba ya iya ganin itace bai ɗauka ya sansana ba. Ya ɗauki wani alƙalami ya juya, ya ajiye, ya ɗauko wani daga can ƙarshe ya kwantar kusa da shi. Kafin a ankara ya jera bakwai. Dukkansu akwai baƙin zane a jikinsu, irin wanda tsatsar ƙusa ke bari a tsohon katako, kuma da ya haɗa su gefe da gefe sai zanen ya tashi daga na farko ya bi ta jikin sauran har na bakwai bai karye ba. Katunan kuwa sunayen mutum bakwai ne daban-daban.

Ya ɗaga kai ya hango Noeline tana raba wa mutane faranti.

"Noeline, zo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Mutum bakwai, jiha huɗu, katako ɗaya."

Ta zo ta duba. Ta yi tarin nan da muka saba ji ba mu taɓa tambaya ba, sannan ta ce, "Kai dai Bram, tsoho da kai ba ka iya barin kayan mutane inda ka gan su. Namanka na can yana ƙonewa."

Da ita kaɗai ce da maganar ta mutu a nan. Amma Clarrie na tsaye a bayanta da kwalba a hannu, kuma da alama ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Ƙofar rumbun tuffa na babanta ce," in ji shi. "Ni na tsaga mata. Kowace shekara haka take yi, ku kuna can kuna buga ƙirji. Bara ne itacenta ya ƙare, na ce mata waɗannan 'yan sa-idon za su gane, ta ce ai ba sa duba komai sai nasu."

Clarrie ya ƙarasa bayanin da ta ƙi yi. Duk shekara idan goma ga Disamba ta wuce, sai ta ƙirga waɗanda ba su aiko ba, wata shekara shida, wata shekara goma sha ɗaya. Sai ta shiga rumfar kwanon da ke bayan gida, cikin zafin nan na ƙarshen shekara, domin a ƙasarmu Disamba bazara ce, ta yi kwana goma tana sassaƙa. Ta rubuta kati da sunan wanda ya saɓa, ta naɗe, ta kai gidan waya tare da sauran. Ba ta sa abin rufe hanci, wai yana sa tabarau ɗinta ya yi hazo.

Dole a nan in faɗi abin da na fi so in ɓoye. Ɗaya daga cikin katunan nan bakwai sunana ne a jiki. Bara sunan Merv Dunstan aka zaro min, tsohon ma'aikacin haƙar ma'adinai a Broken Hill, ɗan shekara tamanin da ɗaya, yana zaune shi kaɗai. Na yanke itacen, na huda, sai tashin gida ya taso, na ce gobe, na ce jibi, har lokaci ya wuce. A watan Janairu sai ga Merv ya saka hoto a zaure yana gode min, ya ce bai taɓa riƙe alƙalami mai daɗin hannu irinsa ba. Na san ban yi ba. Na kuma san daga gida ɗaya ne kawai zai iya fitowa. Amma na shafa wa idona toka na rubuta masa cewa ba komai, abokina.

Merv yana wurin a Bendigo. Ya tako a hankali da sandarsa, ya zare nasa daga cikin bakwai ɗin, ya soke a aljihun gaba. Ya ce, "To, ashe ba mai shi na gode wa ba." Ya juya ya kama hannun Noeline da hannu biyu ya yi mata godiya. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba, kuma har yau da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Daga baya na tambaye ta abin da ya kai ta. Ta ce a shekarar farko wani manomi ya rubuto mata a Janairu, ba da faɗa ba, yana tambaya ko dai masinjan gidan waya ya ɓatar da nasa, don kullum sai ya taka har bakin titi ya duba akwati. Daga nan ba a sake ganinsa a zaure ba. Ta ce mutum ya yi wata biyu yana goge alƙalamin wani, ya aika, ya zauna jiran nasa. In bai zo ba ba zai yi ƙorafi ba, shiru zai yi ya tafi. Ita kuma ba ta iya kallon haka. Sai ta ƙara da abin da ban zata ba.

"Amma na cuce ku," in ji ta. "Da na bar ku kun sha kunya tun shekara ta biyu, da yanzu kun iya aikin. Na rufa muku asiri har kuka ɗauka babu abin rufewa."

Wannan maganar ta fi komai tsaya min a rai, domin ita muka cuta, ita ce kuma ke neman ɗaukar laifin.

Noeline, ke ce mai rufin asirin da ba a roƙa ba. Ke ce kika ƙona Disambarki goma sha biyar a rumfar kwano don kada wani tsoho ya buɗe akwati ya tarar da wayam. Kin karanta godiyar da aka yi wa wasu a kan aikin hannunki, kin danna alamar jin daɗi a ƙasa kamar kowa, kin tashi kin ɗora abincin rana. Kin nemi taimako da bakinki sau huɗu, muka yi kunnen uwar shegu, ba ki yi fushi kin rufe zauren ba ko na yini ɗaya. Mun ji kina tari a kowane taro, muka ɗauka mura ce.

Ba mura ba ce. Likita ya ce ƙurar itace ta taru mata a ƙirji, ya hana ta kusantar inji kwata-kwata. Yanzu daga kicin zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta huta. Ta sanar cewa ƙarshen watan Yuni za ta ajiye aiki, kuma ta raba abin da take yi ita kaɗai gida biyar. Idan ba a sami mutum biyar ba, ba za a zari suna a Agusta ba, zauren kuma za ta kulle shi, ya zama wurin karanta tsofaffin hirarraki kawai. Ba barazana take yi ba, ƙarfin ne babu.

Ku ji abin da muka yi da muka ji haka. Wani ya gano cewa ita ba ta taɓa sa sunanta a gwangwanin ba, don haka ba ta taɓa samun alƙalamin kowa ba. Sai kowa ya ruga rumfarsa. Cikin mako shida alƙalami arba'in da uku suka isa Wynyard, wasu da itacen da masu su suka yi shekaru suna ɓoyo. Clarrie ya ce har mai raba wasiƙa ya fara gaishe shi da harara. Na buga mata waya ina tsammanin zan ji ta cikin murna. Ta ce sun yi kyau ƙwarai, ta gode, ta jera su a kan taga.

"Sai dai ni mutum biyar na nema," in ji ta. "Wanne ne a cikin arba'in da ukun nan zai tashi da safe ya kori 'yan talla?"

Haka muke. Abin da muke jin daɗin yi muka yi mata, muka kira shi godiya.

A yau da nake wannan rubutu suna uku ne a ƙarƙashin sanarwarta. Merv ne ya fara sawa, da yatsa ɗaya yake buga rubutu, ya ce zai riƙa yi wa baƙi maraba tunda ba shi da inda za shi da safe. Bram ya karɓi raba gardama, aikin da ya dace da bakinsa. Na ukun ni ne, na karɓi sharar safe, kuma ban isa in yi alfahari da zuwa bayan ɗan shekara tamanin da ɗaya ba. Saura mai taimaka wa sababbin hannu, da kuma gurbin da kowa ke kauda kai daga gare shi: mai karɓar ƙunshin musaya, wanda zai riƙa kiran wanda ya makara ya faɗa masa gaskiya a kunne, tunda yanzu babu mai yi masa a ɓoye.

Mun gode, Noeline. Mun makara da faɗa, kuma mun san godiyar ba za ta fitar da ƙurar da ke ƙirjinki ba. Allah ya ba ki sauƙi, ya ba ki safiyar da ba ta kowa ba sai taki.

Ku kuma 'yan'uwa, ba a ce ku zama Noeline ba, ita ma ta ce kada a kuskura a sake yin irinta. Awa biyu a mako ake nema. Kwana goma sha tara suka rage, kuma na san da yawanku yanzu haka kuna duban wani guntun itace mai kyau kuna tunaninta. Ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Tagarta ta cika, layi biyu ne a ƙarƙashin sanarwarta har yanzu babu kowa.