Hijirata daga Birni zuwa Zango

Shekarar da ruwa ya kayar mana da gida, babu wanda ya kai ni sanin asalin kalmar ɗan gudun hijira a duk faɗin Birni, tsohuwar unguwarmu ta cikin ganuwa. Haka dai nake gani. Malamin Faransanci ne ni a lekol, wato makarantar boko, ina da wani ƙamus mai kauri da na fi kula da shi fiye da rufin ɗakina, kuma Allah Ya jarrabce ni da son bayani. A fadarmu ta shayi, da zarar rediyo ya ambaci mutanen da suka gudo daga bakin tafkin Chadi, sai in gyara zama in yi gyaran murya.

In ce musu Faransawa refijiye suke cewa, tushenta daga Latin, ta haɗa gudu da wurin fakewa. In ce Turawan Ingilishi ma aro suka yi, lokacin da wasu Faransawa suka tsallaka wurinsu saboda rikicin addini, suka je musu da kalmar a baki. Larabawa kuwa laji'i suke cewa, wato wanda ya sami mafaka. Mu Hausawa muka ɗauki gudu, abin da ba wanda ke alfahari da shi, muka jingina shi da hijira don ya sami mutunci. Nan ne nake ɗaga yatsa. Nan ne kuma wani taubashina, mai sayar da taya, yake cewa, "Malam, shayinka ya huce."

Matata ta yi ta yi mini maganar yaɓe tun bazara, ni kuma ina ta cewa ginin kakanni ba ya jin tsoron ruwa. Wata ranar damina da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, indararo ya toshe, bangon gabas ya jiƙe ya zauna, azara ta biyo shi. Allah Ya kiyaye, muna tsakar gida muna kwashe shanya. Matata ta tsira da tukwane da buhun gero. Ni na tsira da ƙamus.

Ba mu da inda za mu sai gidan mahaifiyarta a Zango. Duk ɗan Birni ya san yadda muke kallon Zango: unguwar fatake, inda baƙi ke sauke kaya a bayan ganuwa. Ga ni tafe a bayan amalanken saniya, katifa ta jiƙe, 'yan kabu-kabu a kan baburansu suna ta danna mini oda. Washegari taubashin nan nawa ya tare ni a fada da fara'a.

"Sannu da hijira, Malam. To kai wanne ne a ciki, refijiye ko laji'i?"

Na ce masa ni ba ko ɗaya ba ne, tunda ban tsallake iyakar ƙasa ba. Na ce irina Faransawa sinistire suke kira, wanda masifa ta afka wa. Ya ce to madalla, ashe akwai sauƙi.

Surukata tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidanta ɗaki biyu ne da 'yar rumfa, zauren kuma ta ba wani tela haya, ya cika shi da keke da yadi. Ta bar mana ɗaki ɗaya. To a nan matsalata ta taso. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, ban taɓa zama inda take zaune ba. In na zo gaisuwa, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, in gama in tashi. Haka muka taso, suruki ba ya ci a gaban suruka. Yanzu ga ni a gidan da ko tari na yi sai ta ce sannu. Ɗakin namu kuwa kayan da muka kwaso sun cushe shi, ƙofarsa tana kallon tabarmarta, labulen ma ruwa ya tafi da shi.

Ranar farko na ce na ƙoshi. Rana ta biyu na ce cikina ne ba daɗi. Daga nan na koma cin shinkafa da wake a bakin tasha, ina ɓoye fuska a bayan jarida, ni da nake hana ɗalibai ci a titi. Zango kuwa ba ta riƙe magana. Matata ta same ni ranta a ɓace, ta ce ana cewa surukin Inna yana ci a tasha, wai gidan ba a dafa abin kirki. Na ji kunya, amma na fi jin haushi, don ba ni da amsar da zan samo a ƙamus.

Sai kuma abu ya gyaru da kansa. In na dawo daga lekol da azahar, sai in tarar tabarmar tsohuwa a naɗe, kwanon tuwo a rufe da faifai a ƙarƙashin rumfa. In tambaya, matata ta ce Inna ta shiga maƙwabta. Da yamma ma haka. Na ce a raina tsofaffin Zango akwai son yawo. Na miƙe ƙafa na ci tuwon gero da miyar kuka har ina neman ƙari, in gama in kishingiɗa in ɗan yi gyangyaɗi. Har na murmure. Na koma fada da ƙarfina, na ƙara musu da cewa kalmomin duniya kashi biyu ne, wasu ƙafar mai gudu suke kallo, wasu inuwar da ya faɗa. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na maimaita ta har taubashina ya haddace.

A jikin gidan surukata akwai wata mata mai sayar da busasshen kifi da garin tattasai a ƙofar ɗakin da take haya. Daga bakin tafki ta gudo da 'ya'yanta, ta bar mijinta a can ƙarƙashin ƙasa. Kullum ina wuce ta da sallama, ban taɓa yi mata bayanin kalmar ba, wannan kam Allah Ya rufa mini asiri. Wata rana ana yayyafi na fito bayan na ci na yi barcina, sai ta kira ni da Hausarta mai karin Barebari.

"Malam, don Allah in ka ci ka riƙa fitowa da wuri. Ɗakina babu wurin zama, kuma gwiwar Inna ba ta son sanyi."

Na leƙa. Ga surukata a rakuɓe a kan wani ɗan dutse a gindin bango, ta lulluɓa da buhun leda, carbi a hannu, ruwan indararo yana fantsamar mata a ƙafa. Ashe tun ranar da maganar tasha ta iso kunnenta, nan take zuwa ta zauna, rana ko ruwa, har sai ta ji motsin fitata. Ita ta hana 'yarta gaya mini.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na yi shekaru ina jujjuya kalmar nan a harsuna huɗu, duk suna maganar wanda ya gudo, ban taɓa tambayar ina mai gidan yake komawa ba in ya matsa wa baƙo. Tausayinta ya kama ni, idona ya ciko, na rasa inda zan sa fuskata.

Na cire takalmi a cikin taɓo na durƙusa.

"Inna, ki taso mu shiga."

"Ka gama, Malam?"

"Ban gama ba, Inna. Da saura."

Ƙarya nake yi, na sha miyar har da suɗe kwano. Na shiga na ce wa matata ta ƙaro tuwo. Ta dube ni, ta dubi uwarta da ke ɗingisowa a bayana, sannan ta ɗauko mara. Na shimfiɗa wa tsohuwa tabarmarta da hannuna, na zauna a ƙarƙashin rumfa inda za ta gan ni sosai, na yi bismilla. Gumi yana keto mini a cikin sanyin nan, lomar farko ta tsaya mini a wuya kamar tsakuwa.

Ita ma kunyar ta kama ta. Ta juya fuska wajen bango tana jan carbi. Can, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce wa 'yarta, "Miƙa masa ruwa, kada ya ƙware."