Tafin Ramatu a Kan Ƙwarya

Jiya a gidan suna, nan Gaya, na ga Ramatu tana taka rawa a tsakiyar mata, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Ramatu maƙwabciyarmu ce, an haife ta ba ta ji. Muna yara, in muka fito gaɗa bayan rumbunan gero, zama take yi tana kallonmu. Kaka kuwa maganarta kullum ɗaya ce: "Ku matsa mata, fili bai cika ba."

Wata yamma ta fito daga madafa tana ƙamshin hayaƙi da daddawa, ta kife ƙwarya a ƙasa.

Na ce, "Kaka, ai ba ta jin kiɗa."

Ta ce, "Kunnenta ne ba ya ji, 'yar nan. Ke ma miƙo hannunki."

Ta ɗora tafukanmu kan ƙwaryar, ta shiga bugawa. Kiɗan ya bi hannuna har cikin ƙirji! Ramatu ta zaro ido, ta fashe da dariya, ta yi tsalle ta faɗa fili. Muka bi ta da tafi da shewa, ita ke gaba har aka kira magariba.

Allah ya yalwata miki kabari, Kaka, ya sanya ki cikin waɗanda ya yi wa rahama.