Madam Agnes da Jariran da Kwamfuta Ta Tsofar

Kullum da safe, kafin a tayar da janareta, Madam Agnes ta riga ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta tsaya gaban wani katako da ta kafa a bangon ofishinta na Gumel. Ƙusoshi ne a jiki, da zare ja da kore a tsakaninsu. Baƙo sai ya ɗauka saƙa take koyo. Mu abokan aikinta ma mun sha yi mata tsiya.

Ashe kowace ƙusa alamar manhajar kwamfuta ɗaya ce, kuma duk ita ta rubuta su: ta rigakafin yara a Sule Tankarkar, ta rijiyoyin burtsatse a Gagarawa, ta allurar dabbobi a Maigatari. Dukkansu da ƙusa ɗaya aka ɗaure su, wato manhajar lissafin kwanan wata, wadda take kira uwa. Dokarta ita ce ba a taɓa uwa sai an bi zare an duba 'ya'yan da ke shan nononta.

Bana, shekarar alif ɗari tara da casa'in da tara, muka ga amfanin haka. Ana ta cewa shekarar dubu biyu za ta rikita kwamfutoci, sai ta gyara uwa ta koma rubuta shekara da lamba huɗu. Kafin ta gama da 'ya'yan, Hussaini direba, don son taimako, ya ɗauki faifan uwar da aka gyara ya kai Sule Tankarkar, aka saka a kwamfutar can. Manhajar rigakafi kuwa lamba biyun farko kawai ta iya karantawa, wato sha tara. Nan take duk jaririn bana ya koma haihuwar alif ɗari tara da sha tara, dattijo ɗan tamanin!

Adawiyya, ma'aikaciyar lafiyar can, ta ba mu labari. Ta ɗaura akwatin ƙanƙara na alluran rigakafi a babur, ga ƙyanda ta ɓulla a bakin iyaka, amma kwamfuta ta ce babu yaron da ya isa allura. Tana shirin sauke kaya, sai ga Agnes, wadda ta ji an kai faifan, a bayan wani babur, ɗankwali a hannu.

"Kada ki sauke, 'yata," in ji ta tana haki. "Yaranki suna nan, kwamfuta ce ta tsofar da su."

Kafin azahar ta daidaita komai, Adawiyya ta nufi rugage. Ranar har Hussaini ya sha dariya, bayan ya sha faɗa.

Agnes, ke ce mai bin zare har ƙarshensa. Ga shi watan nan za ki ajiye aiki ki koma Filato, wallahi muna murna, muna kuma jin zafin rabuwa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu gyara, ku yi koyi da ita, kafin ku taɓa abu ku tambayi wa ya dogara da shi. Bana dai a rugagen nan ƙyanda ba ta sa an haƙa ƙaramin kabari ba.