Baragurbin da Na Kawo wa Inna

Inna ba ta taɓa yarda cewa ƙwan lantarki aron suna ya yi ba. A wurinta ƙwai ƙwai ne. In na ɗakinta ya daina kamawa, sai ta kwance shi, ta kai kunne ta girgiza, yadda take yi wa na kaza. Da ta ji ƙaras-ƙaras a ciki sai ta ce, "Ya yi baragurbi," wato ƙwan da ya lalace a gurbi, ta jefa shi bayan danga. Abin haushin, gwajin nata daidai ne, wayar ciki ce ta tsinke take kaɗawa. Ni da nake koyar da kimiyya a wata sakandare a Madobi ban san dabarar da ta fi wannan ba.

A shekarar da nake ba da labari, ta sayo 'yan tsaki arba'in na gidan gona, irin waɗanda ba su san uwa ba, ta ƙwallafa rai a kansu. Gidanmu yana bakin kanal ne, wato magudanar ruwan noman rani, a wajen Kura, inda sanyi ke shiga har ƙashi. Maƙwabcinmu mai injin casar shinkafa ya ja mana waya daga solarsa, Inna ta rataya ƙwai irin na da a cikin kwalin 'yan tsakin, dab da kawunansu.

Da na zo hutun ƙarshen mako na gani, ilimina ya motsa. Na zaunar da ita na yi mata darasi. Na ce wannan ƙwai gilashi ne kawai da aka zuƙe wa iska, da wata siririyar waya murɗaɗɗiya ta ƙarfe mai jure zafi. Wuta tana matsawa ta cikin wayar, ta gasa ta har ta yi fari, shi ne hasken. Kusan duk ƙarfin a zafi yake tafiya, asara zalla, ga batirin bawan Allah yana shan wahala. Na fito da sabon ƙwai fari na roba, wanda wasu 'yan ƙwayoyi ke haskawa a cikinsa ba tare da sun gasa komai ba.

Inna tana tsince shinkafa a faifai, ta ce, "To, Malam." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma wannan "Malam" ɗin iri-iri ne. Ban lura da wanda ta ba ni ba.

Da la'asar ta tafi barkar haihuwa, ni kuma na canza ƙwan, na rufe kwalin da buhu yadda take yi. Tsohon na wurga shi kanal, har da ɗan tsalle.

Washegari da safe ta ɗaga buhun. Ciki fes kamar asibiti. 'Yan tsakin sun cure a lungu ɗaya, wani kan wani, suna rawar ɗari. Uku na ƙasa sun mutu. Kunya ta rufe ni.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwance ƙwan nawa, ta girgiza a kunne, shiru. Ta manna shi a kumatu.

"Wannan ai tun daga shago baragurbi ne."

"Inna, lafiyarsa lau, duba haskensa."

"Karatu za su yi? Malam, zafin da kake kira asara shi na rataya. Hasken ne gyara."

Ta hura gawayi a kasko ta ajiye musu, ni kuma na hau babur. Shago-shago na bi a Kura ina neman irin na da, kowa sabon yake miƙo mini. Wani mai shago da na taɓa yi wa irin wannan darasin ya ce, "Haba Malam, ba kai ka ce mu daina kawowa ba?" Sai a Bunkure na samu guda biyu a wurin wani tsoho, kwalinsu ya koɗe. A cikin hula na naɗo su, ina tuƙi a hankali kamar na ɗauko mai jego.

Sauran talatin da bakwai sun rayu, suka yi ƙiba har suna tsone mini ido.

Bayan wata biyu na leƙa akurkin kajin gida, na hango wani abu fari a gurbin wata kaza. Ƙwan nawa ne. Inna kan bar ƙwai ɗaya a gurbi don kada kaza ta canza wurin saka, yanzu ba sai ta bar na gaske ba.

Ta gan ni ina kallo, ta ce, "Ka ga ya samu aiki. Kazar ma ta yi kwana uku tana ɗumama shi, har yanzu bai koyi ɗumin ba."