Mai Rainon Ƙwayoyin Ruwan Zafi

A tashar mota, wata mata na zaune a benci ta rungume filas kamar jinjiri. Bayan hannunta duk tabon ƙuna ne, gilashinta ya zamo kan hanci, amma ta ƙi sakin filas ɗin balle ta gyara shi. Na tabbata a gida shayinta kullum hucewa yake kafin ta tuna da shi.

Tsohuwar da ke gefenta ta kasa haƙuri. "'Yar nan, shayi ne kike wa wannan rowar?"

Matar ta yi dariya. "A'a, Inna. Bakteriya ne, ƙwayoyin halitta masu rai da ido ba ya gani, na ɗebo daga maɓuɓɓugar ruwan zafi, zan kai ɗakin bincike. Sinadaran da ke sarrafa musu abinci, enzayim, sai a zafin da zai dafa ƙwai suke aiki, zafin da ke lalata irin namu. In ruwan ya huce, aikinsu ya tsaya, gwajina ya rushe."

Tsohuwar ta kalli filas ɗin. Can ta cire mayafinta ta lulluɓe shi.

"Shi ne kika bar bayin Allah a iska?"