Maɓallin da Baba ya ɓoye a motarsa

Na murɗa makulli ya fi sau goma, motar Baba ta ƙi tashi. Shi kuma yana kwance a kujerar baya, ya faɗi bayan La'asar, bakinsa ya karkace.

Tun da aka sace masa mota a kasuwar Matamaye ya sa aka ɓoye wani maɓalli a wannan, sai an danna take tashi.

Na ce, "Baba, don Allah ina maɓallin yake?"

Ya motsa leɓe, magana ta ƙi fita, sai hawaye.

Inna ta ce, "Wallahi ko ni bai taɓa nuna wa ba."

Kafin mu samo wata motar mu isa Damagaram, rai ya yi halinsa.

Jama'a, masu irin wannan dabara, akwai wanda kuka nuna wa a gida?